Yadda muka je Tarifa a kudancin Sifaniya, daga neman biza har bakin teku

Tun da muka dawo, ni da maiɗakina, kusan duk wanda ya ga hotunan tafiyar tambaya ɗaya yake yi: ta yaya kuka samu biza, kuma nawa kuka kashe? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu a waya, shi ya sa na zauna in rubuta abin daki-daki yadda ya faru, har da wuraren da muka yi tuntuɓe. Garin da muka je sunansa Tarifa, ƙaramin gari ne na masunta mai mutum wajen 18,000 a lardin Kadis, a ƙarshen ƙasar Turai ta kudu. Tsakaninsa da Maroko ruwan kilomita 14 ne kawai. Abin da ya ja ni can tsohon abu ne. Tun muna Islamiyya malaminmu yake ba mu labarin Ɗariƙu ɗan Ziyad da ya tsallaka Andalus a shekarar 711. Sai da na girma na karanta cewa shekara guda kafin nan, a 710, an tura Ɗarif ɗan Malik da 'yar ƙaramar runduna ya leƙo ƙasar, kuma wurin da ya sauka ne yake amsa sunansa har yau. Daga ranar na sa wa raina sai na taka wurin.

A watan Janairun 2025 muka tsayar da magana cewa za mu tafi tsakiyar Mayu, kafin zafi da cunkoson masu hutu. Abu na farko da ya tare mu fasfo ne. Na maiɗakina zai ƙare a watan Yuli, ni kuma a zatona tunda za mu dawo a Mayu babu matsala. Ashe dokar bizar Shengen, wato ƙasashen Turai da suke amfani da biza ɗaya har da Sifaniya, ta ce dole fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka bar ƙasashensu, ya zama an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, kuma da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Sabuntawar ta ci mana sati biyar. Da mun bari sai Maris kafin mu buɗe fasfon mu duba, da tafiyar ta rushe tun ba a fara ba.

Daga nan sai neman ranar miƙa takardu. Ba ofishin jakadanci ake zuwa kai tsaye ba, akwai kamfanin da ke karɓar takardu a madadinsu, kuma a shafinsa na intanet ake kama rana. Doka ta yarda ka nema tun saura wata 6 tafiya, kuma kada ka bari ya gaza kwana 15. Kwana goma sha ɗaya ina shiga shafin safe da dare babu gurbi. A cikin kwanakin nan mutum uku suka yi min tayin za su samo min rana idan na ba su kuɗi, ɗaya ma har da alkawarin biza tabbas. Na ƙi, don babu wani ɗan kamasho da yake da iko a kan hukuncin biza, kuma wanda zai cike maka fom da bayanan da ba ka gani ba, kai za a tambaya a kansu ba shi ba. Ranar ta goma sha biyu bayan sallar asuba na ga gurbi biyu a Abuja cikin makon farko na Afrilu, hannuna har rawa yake wajen dannawa.

Maganar kuɗi ita ce ta fi rikita mutane, don haka bari in tsaya a kanta. Sifaniya tana ɗaura abin da take so ka nuna a kan mafi ƙarancin albashin ƙasarta. A 2025 lissafin ya kama Yuro 118.40 a kowace rana ga mutum ɗaya, amma komai ƙarancin kwanakinka ba za ka nuna ƙasa da Yuro 1,065.60 ba. Mu kwana 8 za mu yi, na buga lissafi ya ba ni 947.20, na ɗauka shi ke nan. Wani abokin aikina da ya taɓa zuwa ya nuna min cewa wancan mafi ƙarancin ne zai hau kanmu, kuma sau biyu, wato sama da Yuro 2,130, a lokacin da Yuro ɗaya ya haura naira 1,700. Wannan ban da kuɗin jirgi da masauki. Shi ne kuma ya hana ni wani kuskuren da na kusa yi, na karɓo rance daga yayana in zuba a asusu ana saura sati a kai takardu. Ya ce min kuɗin da ya faɗo rana ɗaya babu asali ya fi ƙaramin kuɗi jawo zargi. Na bar asusun yadda yake, albashi na shiga wata-wata, na karɓo bayanin wata 6 da hatimin banki. Na haɗa da takardar wurin aiki mai nuna muƙamina da ranar da zan koma bakin aiki, da takardun albashi, da shaidar kama masauki, da shaidar kujerar jirgi zuwa da dawowa. Maiɗakina ba aikin albashi take yi ba, don haka na rubuta wasiƙar ɗaukar nauyinta na sa hannu, muka haɗa da takardar shaidar aure da takardun haihuwar yaranmu da za mu bari wajen Hajiya.

Mun kwana a Abuja, muka isa cibiyar da kusan awa guda kafin lokaci. An duba takardar alƙawari a ƙofa, aka ce mu kashe waya, muka zauna jiran lamba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka kira mu. Matar da ke kanta ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya da biro, sai ta tsaya a kan inshorar lafiya. Inshorar ta cika sharaɗin Yuro 30,000, ta kuma shafi duk ƙasashen Shengen, amma ranar ƙarewarta ta gaza ranar tashin jirginmu na dawowa da kwana ɗaya. Wanda ya yi mana ita ya ƙirga darare ne maimakon ranaku, ni kuma ban gwada ta da tikiti ba. Gabana ya faɗi, na ga sati biyun da na yi ina farautar rana za su tafi a banza. Ta ce idan za mu iya kawo gyararriya kafin su tashi za ta karɓa. Na fita waje na kira mai inshorar, aka turo sabuwa, na nemi shagon buga takardu a kusa, muka dawo ƙarfe ɗaya da rabi. Muka biya kuɗin biza, Yuro 90 kowannenmu amma da naira, da kuɗin hidimar kamfanin daban. Aka ɗauki hoton yatsu goma, wanda yake aiki har wata 59. Maiɗakina ta yi ta fargabar za a ce ta cire hijabi, ba a ce ba, an dai buƙaci fuskarta ta fito sosai daga goshi zuwa haɓa.

Jiran ya fi komai nauyi. A ƙa'ida kwana 15 ne, amma yana iya kaiwa 45. Namu ya fito a rana ta goma sha tara. Ba mu biya kuɗin tikiti ba sai da fasfo ya dawo hannu, kuma masaukin da muka kama irin wanda ake iya sokewa ne ba tare da asara ba. Da na buɗe na ga takardar biza manne, murna ta hana ni karanta ta da kyau. Na duba sunana da ranakun, na rufe. Akwai wani ɗan gurbi na adadin shiga da aka rubuta 01 a ciki, ban ba shi muhimmanci ba. Zan dawo kansa.

Daga Abuja muka tashi, muka sauya jirgi a Istanbul, muka sauka Malaga da rana. Kada kowa ya ɗauka biza ita ce ƙarshen tambaya. Jami'in kan iyaka ya tambaye ni ina za mu, kwana nawa, ina masaukin, ina tikitin komawa. Duk na buga su a takarda na riƙe a jakar hannu, don wayata ba ta da intanet a lokacin, na miƙa masa, ya duba ya buga hatimi. Bai kai minti huɗu ba. Wanda zai je yanzu zai tarar da sabon tsari, domin tun Oktoban 2025 aka fara ɗaukar hoton fuska da yatsu a kan iyakokin Shengen.

Jirgin ƙasa ba ya zuwa Tarifa, wannan ya kamata mutum ya sani tun daga gida. Daga filin jirgin muka hau ƙaramin jirgin ƙasa zuwa tashar Maria Zambrano a cikin Malaga, tashar bas tana gefenta. Muka hau bas zuwa Aljesiras, tafiyar wajen awa biyu, kuɗin kowa bai kai Yuro 20 ba. Sunan garin ma daga Larabci yake, Aljaziratul Khadra'u. A can muka sauya wata bas ɗin, wadda ta hau duwatsu tana lanƙwasa tsakanin manyan fankokin samar da lantarki. Muna karya wata kwana sai ga teku a ƙasa, ga wani dutse babba a ɗaya gefen kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Maiɗakina ta ce, "Baban Amira, wancan wane tsibiri ne?" Na ce mata ba tsibiri ba ne, Afirka ce, Jabal Musa ke nan a Maroko. Ta yi shiru tana kallo har muka gangara.

Tsohon garin yana cikin ganuwa, ana shiga ta wata ƙofa mai baka da ake kira Puerta de Jerez, wadda ta rage daga ƙofofin da. A samanta akwai rubutun da ke tuna cewa Sarki Sancho na huɗu ya karɓe garin daga hannun Musulmi a 1292. Da muka kutsa ciki sai na ji kamar ina lungunan cikin birni, hanyoyi ƙanana masu murɗewa, gidaje farare tas da farar ƙasa, ƙofar gida a rufe amma idan ta buɗe ka hango tsakar gida da tukwanen furanni. Mota ba ta shiga yawancin lungunan, kuma daɓen dutse ne, don haka babban akwatin da muka ɗauko ya zame mana wahala. Masaukinmu ƙaramin gida ne mai ɗaki shida, babu na'urar hawa bene. Mai gidan ta karɓi fasfo ɗinmu ta shigar da bayanai, ta ce doka ce a kan kowane baƙo.

A daren farko muka kwashi darasin agogon garin. Ƙarfe shida na yamma muka fita da yunwa, duk gidan abincin da muka leƙa kujeru a kife, ko kuma a ce mana madafa ba ta buɗewa sai takwas. Mutanen nan abincin rana daga ƙarfe biyu zuwa huɗu suke ci, na dare kuma daga tara. Ƙananan shaguna suna rufewa wajen biyu, sai biyar su sake buɗewa. Da burodi da cuku da lemo muka toshe yunwa a kan wani benci a dandalin Alameda. Washegari muka sauya tsari: cin safe mai nauyi, cin rana ƙarfe biyu tare da 'yan gari, da 'ya'yan itace a ɗaki saboda yamma.

Abinci yana buƙatar kula. Naman alade a ko'ina yake, ƙafafunsa busassu a rataye a saman kanta, kuma yana ɓuya inda ba ka zato, a cikin miyar wake, a cikin ƙwallayen da ake soyawa, har man alade a wasu kayan fulawa. Kalmomi huɗu na rubuta a takarda na haddace: cerdo alade ne, jamón busasshen namansa, manteca kitsensa, vino kuma giya, wadda suke zubawa a wasu dafe-dafen kifi. Sai in nuna abinci in ce "sin cerdo, sin vino", ma'ana ba alade ba giya. Babu wanda ya ɓata rai, wani ma ya shiga ya tambayo mai dafawa ya dawo ya ce kada mu ci wannan, mu ci wancan. Kifi ne ya rufa mana asiri, kuma mun dace da lokaci. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni manyan kifayen tuna suke shigowa daga Atlantika zuwa Bahar Rum don yin ƙwai, masunta kuma suna tare su da wani tsohon tarkon raga mai ɗaki-ɗaki da ake kira almadraba, kalmar da ita ma Larabci ce asalinta. Garuruwa huɗu ne suke wannan su a gaɓar Kadis: Tarifa, Zahara, Barbate da Conil. Gasasshen tunan da muka ci jajir yake kamar naman sa. Ban taɓa cin kifi irinsa ba, kuma yana da tsada, sau biyu kawai muka saya.

Lokutan salla ma sai da muka sake zama da su. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya a wannan lokaci na shekara, azahar tana shiga bayan ƙarfe biyu, rana ba ta faɗuwa sai tara da kusan rabi, isha'i kuwa wajen sha ɗaya. Alƙibla tana gabas da 'yar karkata kaɗan zuwa kudu, ba kamar gida da muke karkata arewa ba. A ɗaki muke salla. Ranar Juma'a na koma Aljesiras a bas, inda 'yan Maroko suke da yawa a unguwar tashar jiragen ruwa, na samu masallaci, na kuma sayo gasasshiyar kaza ta halal muka ci kwana biyu.

Sai iska. Duk hoton Tarifa da ka gani ba zai gaya maka wannan ba. Iska biyu ke mulkin garin, ta yamma da suke kira poniente mai sanyi da sauƙi, da ta gabas, levante, wadda idan ta taso takan yi kwanaki. Ta same mu a rana ta uku. Ta fi iskar hunturu ƙarfi nesa ba kusa ba, yashi take ɗebowa tana watsa maka a ƙafa kamar allura. Jirgin ruwan da muka biya don kallon kifayen dolfin a mashigin ruwan da ke tsakanin Sifaniya da Maroko an soke shi kwana biyu a jere, sai a na uku muka samu fita, kuma don mun sa shi a farkon kwanakinmu ne, da a ƙarshe muka ajiye shi da mun rasa. Ranakun iskar muka ba wa ganuwa. Mun shiga gidan yaƙin da Halifa Abdurrahman na uku ya gina a 960, wanda yanzu ake kira da sunan Guzman, jarumin Kiristocin da ya riƙe shi a 1294 ya ƙi miƙa wuya ko da aka yi barazanar kashe ɗansa, aka kuma kashe shi. Na tsaya a saman hasumiyar ina tunanin yawan jinin da aka zubar a kan wannan ɗan tsukin ruwa. Daga nan muka taka siririyar hanyar da ta haɗa gari da tsibirin Las Palomas, Bahar Rum a hagu, Atlantika a dama, kowanne da allon sunansa.

Daga saman ganuwar muke ganin jirgin ruwa yana fita zuwa Tanja, tafiyar awa ɗaya. Maiɗakina ta ce tunda ga Maroko a gabanmu, me zai hana mu je mu wuni mu dawo? Muka gangara tasha da fasfo. Ma'aikacin da ke sayar da tikiti ya buɗe shafin biza, ya ɗora yatsa a kan 01 ɗin nan, ya yi mana bayani da haƙuri: shiga ɗaya aka ba mu, mun kuma riga mun yi amfani da ita a Malaga. Idan muka fita zuwa Maroko bizar ta mutu, ba za a bar mu mu dawo ba, alhali kayanmu suna masauki, jirginmu kuma daga Malaga zai tashi. Ban da haka Maroko tana da nata sharaɗin biza a kan ɗan Najeriya. Na yi masa godiya har sau uku. Wanda yake son haɗa ƙasashen biyu, tun a fom zai nemi shiga biyu ko mai yawa, ya sa Maroko a tsarin tafiyarsa, ya kuma nemi izininta tun daga gida.

Ranar Litinin muka ɗauki tasi zuwa Bolonia, wajen kilomita 20 daga gari, don ganin kangon birnin Rumawa na Baelo Claudia, muka tarar da ƙofa a rufe, ba sa buɗewa ran Litinin. Mun hau tudun yashin da ke ƙarshen gaɓar, muka sake biyan tasi washegari. Ya cancanci komawar. Ga ginshiƙai, ga dandalin wasa, ga ramukan da suke jiƙa kifi da gishiri shekara kusan dubu biyu da suka wuce, duk a bakin ruwa, kuɗin shiga kuma a lokacin Yuro ɗaya da rabi ne.

Akwai abin da ban shirya masa ba. Da yammacin ranarmu ta ƙarshe muna tafiya a gaɓar Los Lances, doguwar gaɓa mai farin yashi, sama cike da lemomin masu wasan zamiya a ruwa. A wannan gaɓar ce a watan Nuwamban 1988 ruwa ya turo gawar wani matashi da kwalekwalensu ya kife, wadda ake ƙirgawa a matsayin farkon gawar mai ƙaura da aka tsinta a mashigin. Tun daga lokacin ba a daina ba, kuma a maƙabartar garin akwai kaburburan da ba su da suna. Na tuna yaran unguwarmu biyu da suka bi ta Agadas, ɗaya ya kira daga Libiya sau ɗaya, shiru har yau. Ni na zo da hatimi a fasfo, na yi ta ƙorafin layi da inshora, ga ruwan da wasu suka biya da rai. Muka tsaya muka yi musu addu'a, maiɗakina tana share hawaye da gefen hijabi.

Da zan sake wannan tafiya, zan fara da shimfiɗa duk takardun a tabarma in bi ranakun da biro, fasfo da tikiti da masauki da inshora da takardar hutu, in tabbatar labari ɗaya suke bayarwa, inshorar kuma in ƙara mata kwana biyu. Zan karanta kowane gurbi na bizar a ranar da na karɓe ta, musamman adadin shiga da adadin kwanaki, don kwanakin da aka yarda ka zauna daban suke da tsawon ranakun da bizar ke aiki. Zan ɗauki ƙaramar jaka da rigar sanyi mai tare iska ko da a Mayu ne, in kuma guji Yuli da Agusta saboda tsadar ɗaki. Ranar dawowa kuma ba zan kwana a Tarifa ba. Mu mun yi haka, basar farko ta safe ta kai mu Aljesiras bayan ta Malaga ta tashi, muka jira ta gaba muna kallon agogo, muka isa filin jirgi ana saura minti ashirin a rufe karɓar kaya. Daren ƙarshe a Malaga ya kamata mu yi shi.